Karayar arziki a bakin iyaka: Zaman da doka ta tanadar wa mai bashi, da abin da ke hana 'yan kasuwar Bagudo kaiwa gare shi

A ƙarƙashin dokar Najeriya, wanda yake bin wani bashin naira 2,000 yana iya neman kotu ta ayyana cewa arzikin mutumin ya karye, matuƙar sauran sharuɗɗa sun cika. Kuɗin nan ba su kai na litar fetur uku ba a yau, amma haka adadin yake a rubuce cikin Dokar Karayar Arziki, wadda gwamnatin soja ta kafa a 1979, aka yi mata gyara a 1992, aka kuma sake buga ta a kundin dokokin tarayya na 2004. Tsufan adadin kaɗai ya isa ya nuna irin ƙurar da dokar ta sha.

Duk da haka, a cikin wannan tsohuwar doka akwai wani tanadi da dubban masu ƙaramin jari suke bukata. Ta shirya zama guda, inda wanda bashi ya yi wa katutu zai fuskanci duk masu bin sa a lokaci ɗaya, ya yi rantsuwa, ya faɗi abin da ya mallaka, a damƙa dukiyar a hannun wani amintacce ya raba ta bisa ƙa'ida, daga bisani kuma a sallame shi ya sake sabon lale. A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda kasuwanci ya dogara ga iyakar Jamhuriyar Benin, shekarun baya-bayan nan sun karya mutane da dama. Amma rikicin bashi a can ya fi ƙarewa a ofishin 'yan sanda, ko a zauren mai unguwa, ko kuma da tsallaka iyaka cikin dare.

Yadda bashi ya taru

Bagudo tana bakin kogin Kwara, kuma garuruwanta irin su Tsamiya da Lolo da Illo da Ka'oje sun daɗe suna cin moriyar maƙwabtaka da Segbana da Malanbil na ƙasar Benin. Shinkafa da albasa da kifi da dabbobi suna fita, wasu kayan masarufi suna shigowa. Mafi yawan wannan ciniki a kan amana yake tafiya. Ana ɗaukar kaya yau, a biya in an sayar, sau da yawa ba tare da ko takarda ɗaya ba.

Ciniki irin wannan yana rayuwa ne idan hanya a buɗe take kuma darajar kuɗi ba ta tangal-tangal. Dukkan biyun sun gagara. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamban shekarar kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, babu ta Kebbi a cikinsu. Ta Kamba ta jira har Afrilun 2022. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, a daidai lokacin da manoma da yawa ke ɗauke da rancen shirin Anchor Borrowers, wanda Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015.

Shekarar 2023 ta zo da nata. An fara da ƙarancin takardun naira, aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli ya jawo takunkumin ECOWAS da rufe hanyoyin da suka haɗa ƙasashen uku. Dalar da ake saye kusan naira 750 a kasuwar bayan fage a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Yuro a kan farashi tsayayye. Saboda haka wanda ya ɗauko kaya bashi a Malanbil da lissafin sefa, ya sayar da su da naira, ya wayi gari bashinsa ya kusan ninkawa ba tare da ya ƙara ɗaukar ko buhu ɗaya ba.

A ɗauki misalin wani dillalin shinkafa a irin wannan hali. Manoman da suka ba shi shanshera suna bin sa, wani abokin ciniki a Benin yana bin sa, banki yana bin sa, akwai zubin adashe da ya ɗauka bai gama biya ba, ga kuma kuɗin surukinsa. A ce jimillar bashin naira miliyan 12 ce, abin da ya mallaka kuwa, da shago da babur da injin ban-ruwa da ragowar buhuna, bai wuce na miliyan 4 ba. Ko ya sayar da komai, kashi ɗaya cikin uku kawai zai iya biya. Tambayar da dokar karayar arziki take amsawa ita ce: wa zai samu wannan kashi ɗaya, kuma yaya makomar mutumin bayan an raba?

Daga shigar da koke zuwa ranar zama

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya batun karayar arziki cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 251 kuma ya bai wa Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki ita kaɗai. Ga mutumin Bagudo, wannan na nufin tafiyar sa'o'i zuwa reshen kotun da ke Birnin Kebbi.

Mai bin bashi na iya shigar da koke, shi ma wanda ake bi yana iya kai kansa. Idan mai bin bashi ne, dole ya nuna cewa a cikin watanni uku kafin koken, mutumin ya aikata ɗaya daga cikin abubuwan da doka ta ɗauka alamun karayar arziki ne. Daga ciki akwai kasa biyan bashin da kotu ta riga ta yanke hukunci a kansa cikin kwanaki 14 bayan an ba shi takardar gargaɗi, da karkatar da dukiya ga wani da niyyar zamba, da kuma barin gida ko barin ƙasa don guje wa masu bin bashi.

Idan kotu ta gamsu, sai ta ba da umarnin karɓar dukiya, ta sanya kayan mutumin ƙarƙashin kulawar wani jami'in hukuma. Wannan umarni shi ne garkuwar farko da mai bashi ke samu, domin daga ranar babu wani mai bin bashi da zai shigar da sabuwar ƙara ko ya kwashe kaya ba da izinin kotu ba. Wanda wannan bai shafa ba shi ne mai riƙe da jingina, kamar bankin da aka ajiye wa takardar gida; shi yana nan da haƙƙinsa a kan abin da aka jinginar masa.

Daga nan sai mai bashi ya rubuta cikakken bayanin halin da yake ciki, ya kuma yi rantsuwa a kansa: abin da ya mallaka, waɗanda yake bi, waɗanda ke bin sa da adireshinsu, da abin da ya jinginar. Wannan takarda ita ce ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya. Kuskure a cikinta ana iya gyarawa, amma ɓoye dukiya da gangan laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari.

Abin da ke faruwa a zaman

Zama iri biyu ne mutum zai fuskanta. Na farko shi ne taron masu bin bashi, wanda jami'in da aka damƙa wa dukiyar yake jagoranta, ba alƙali ba. Duk mai son a ji ta bakinsa ko ya jefa ƙuri'a sai ya fara gabatar da hujjar bashinsa. A nan ne cinikin baka ke nuna rauninsa, domin manomin da ya ba da buhu ashirin ba tare da rasiɗi ko shaida ba zai sha wahala fiye da bankin da ya zo da fayil.

A wannan taro mai bashi na iya gabatar da tayin sulhu, misali ya biya wani kaso na kowane bashi, ko ya biya kaɗan-kaɗan bayan kowace kaka. Idan rinjayen masu bin bashi, ta fuskar yawansu da kuma girman kuɗinsu, suka amince, kotu kuma ta tabbatar, sulhun ya hau kan kowa har da waɗanda suka ƙi. Ta haka mutum kan tsira ba tare da an ayyana shi karyayye ba. Idan sulhu ya ci tura, sai kotu ta ayyana karayar arzikinsa, a buga sanarwa a jaridar gwamnati, masu bin bashi kuma su zaɓi amintaccen da dukiyar za ta koma hannunsa.

Ya kamata a fahimci matsayin wannan amintacce. Aikinsa shi ne ya tattara duk abin da za a iya tattarawa, ya sayar, ya raba wa masu bin bashi. Lauyan mai bashi dabam, amintacce dabam, kuma duk abin da aka faɗa masa yana iya zama hujja.

Zama na biyu shi ne tambayoyi a bainar jama'a a gaban kotu. Mai bashi zai yi rantsuwa, jami'in hukuma da amintacce da duk mai bin bashin da ya tabbatar da haƙƙinsa suna iya yi masa tambaya. Ana rubuta amsoshinsa, a karanta masa, ya sa hannu. Tambayoyin kan zagaya ne a kan abubuwa sanannu. Yaushe ya fara gane cewa ba zai iya biya ba, kuma ya ci gaba da ɗaukar kaya bashi bayan haka? Ina littafin cinikinsa? Me ya sayar ko ya kyautar a 'yan shekarun nan, ga wa, kuma a nawa? Akwai wanda ya biya a gurguje ya bar saura? Yana da kaya ko dabbobi ko asusu a wani gari ko wata ƙasa?

Ga dillalin da aka yi misali da shi, tambayoyi biyu ne za su fi zafi. Idan da ya ga ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada sai ya yi maza ya biya surukinsa duka kuɗinsa, doka na iya ɗaukar hakan a matsayin fifita wani a kan saura, amintacce kuma ya nemi a dawo da kuɗin cikin tukunyar kowa. Haka nan idan ya mayar da shagonsa da sunan matarsa ko ɗansa ana dab da rushewa, kotu na iya warware kyautar.

Akwai kuma abin da hannun amintacce ba ya kaiwa. Dukiyar da take amana ce a hannun mai bashi, kamar shanun wani da yake kiwo ko buhunan da aka ba shi ajiya, ba ta shiga rabo idan an tabbatar da mai ita. Abin da yake mallakin matarsa na haƙiƙa, kamar sadakinta da kayan ɗakinta, nata ne. Doka ta kuma bar masa kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗar iyalinsa, sai dai ta ƙayyade darajarsu da wani adadi na zamanin da naira ke da ƙarfi, wanda a yau bai taka kara ya karya ba. Batun gona kuwa yana da nasa sarƙaƙiyar, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora sayar da haƙƙin fili a kan amincewar hukuma, gonakin karkara da yawa kuma gado ne na dangi da ba a raba ba.

Bayan an sayar, ana fara cire kuɗin gudanar da aikin, sai basussukan da doka ta fifita kamar haraji da albashin ma'aikata, sannan a raba ragowar gwargwadon bashin kowa. Mai bashi na iya neman kotu ta sallame shi, kotu kuma ta duba halayensa kafin ta amince, ta jinkirta ko ta gindaya sharaɗi. Ko bai nema ba, dokar ta tanadi sallama bayan shekara biyar daga ranar umarnin karɓar dukiya. Sallama tana sauke masa mafi yawan tsofaffin basussukan, ban da irin wanda ya samo asali daga zamba.

Don a gane nisan da ke tsakanin wannan da ƙasashen da tsarin ke aiki kullum, a dubi Amurka, inda aka shigar da ƙararrakin karayar arziki sama da 500,000 a 2024. A can ma akwai taron masu bin bashi wanda amintacce ke jagoranta, doka ta ma hana alƙali halarta. Ana duba katin shaida, a rantsar da mutum, a yi masa tambayoyi, galibi cikin kusan minti goma an gama, sau da yawa ta bidiyo, kuma masu bin bashin ba su cika zuwa ba. Wanda ba shi da wata dukiya ta a-zo-a-gani kan samu sallama cikin 'yan watanni.

Farashin da ake biya

Kafin sallama, wanda aka ayyana karyayye yana rasa abubuwa masu nauyi. Sassa na 66 da 107 da 137 da 182 na kundin tsarin mulki sun hana shi tsayawa takarar majalisar tarayya, majalisar jiha, shugaban ƙasa da gwamna. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana shi shiga cikin masu kafa kamfani, ta kuma taƙaita masa zama darakta. Cin sabon bashi ba tare da ya bayyana matsayinsa ba laifi ne.

Abin da ya fi waɗannan ciwo a garin da kowa ya san kowa shi ne tonon asiri. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma jarin ɗan kasuwar bakin iyaka sunansa ne. Wanda aka karanta lissafinsa a gaban kotu yana tsoron kada a sake ba shi ko tiya ɗaya bashi. Idan aka haɗa wannan da kuɗin lauya, da zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi, da shari'ar da ake yi da Turanci, ba abin mamaki ba ne a ce lauyoyi sun daɗe suna kallon dokar a matsayin wadda ba a cika taɓawa ba. Ƙararrakin da kan fito a labarai galibi na bankuna ne a kan manyan attajirai a Legas da Abuja.

Abin da malamai suka riga suka sani

Tunanin tara masu bin bashi a raba musu abin da ya rage ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Littattafan fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil, sun yi bayanin abin da ake kira taflisi. Idan bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum, masu bin sa suka kai kuka, alƙali kan hana shi taɓa dukiyar, a sayar, a raba gwargwadon haƙƙin kowa. Basussukan da lokacinsu bai yi ba su ma sukan faɗo a lissafi. Ana bar masa tufafinsa da abincin da zai riƙe iyalinsa na wani lokaci. Wanda ya tarar da kayan da ya sayar masa suna nan yadda suke, ya fi kowa cancantar ɗaukar abinsa. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Usaifi'u na ƙabilar Juhaina, wanda bashi ya rufe, Sayyidina Umar ya yi shela cewa masu bin sa su zo a raba musu dukiyarsa.

Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma kwaɗaitar da yafewa. Saboda haka malamai suka ce wanda rashinsa ya tabbata ba a tsare shi. Aya ta 282 ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, abin da kasuwannin yau suka fi sakaci da shi. Masu bashi kuma suna cikin rukunai takwas da suka cancanci zakka.

Bambanci babba shi ne, a fikihu ragowar bashin ba ya faɗuwa don an raba dukiya. Yana nan a wuyan mutum har ya samu ya biya ko a yafe masa. Kuma duk da cewa Kebbi na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, kotunanta suna sauraron ƙarar bashi ne tsakanin mai ƙara da wanda ake ƙara. Ayyana karayar arziki da duk abin da ke biyo bayanta a dokar ƙasa yana hannun kotun tarayya. Kotun da ke kusa da jama'a ikonta taƙaitacce ne, wadda ke da cikakken iko kuma tana nesa da su.

Tsallaka iyaka

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan Najeriya damar shiga Benin ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, kuma a ɓangarorin biyu ana jin Hausa da Dandanci da Fulatanci, ga dangantakar jini da ta aure. Don haka gudu shi ne mafita mafi sauƙi ga wanda aka matsa wa. Amma a idon doka, ficewa don guje wa bashi ita kanta hujja ce ta shigar da koke a kansa, tana kuma ɓata masa damar samun sassauci daga baya. Iyalin da ya bari su ne ke kwana da masu sallama a ƙofar gida.

A ɗaya gefen iyakar tsarin ya sha bamban. Benin da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya. Dokarsu ta warware basussuka, wadda aka sabunta a 2015, ta shafi ɗaiɗaikun 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da manoma, ta tanadi matakin sasantawa kafin a kai ga rushewa, da kuma hanya mai sauƙi ga ƙananan masu jari. Ta kuma ɗauki samfurin dokar Majalisar Ɗinkin Duniya kan karayar arzikin da ta ratsa ƙasashe, wanda ke bai wa amintaccen wata ƙasa damar neman kotu ta amince da aikinsa. Najeriya ba ta ɗauki wannan samfuri ba tukuna. Ga yankin da mutum ɗaya zai iya samun rumbu a Segbana, shago a Tsamiya da abokin ciniki a Gaya, wannan giɓi ne na gaske.

Wanda ya fi ƙarfi shi ke fara ɗiba

Inda babu zama guda, kowa kan yi ta kansa. Tun Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya bai wa bankuna damar amfani da tsarin GSI, wanda ke ba su ikon cire kuɗin rancen da aka kasa biya daga duk wani asusun mai bashin a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN. Mai hanya a wurin hukuma kuma kan mayar da bashi ya zama ƙarar cin amana ko zamba, a kama mutum, dangi su sayar da abin da ke akwai don a sake shi.

Doka ta hana wannan ƙarara. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ba a kama mutum don saɓa yarjejeniya ko wani rikicin da ba na laifi ba, dokar ta kuma haramta kama wani a madadin wani. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ko hukumar EFCC ba ne. Zamba ta gaskiya da bayar da cekin da babu kuɗi a bayansa laifuka ne, amma kasa biya saboda asara ba laifi ba ne.

Sakamakon wannan rububi a bayyane yake. A misalin dillalin nan, banki da mai ƙarfi za su kwashe miliyan 4 ɗin, manomin da ya ba da shanshera da matar da ke jiran kwasar adashe su tashi a tutar babu. Da an bi tsarin rabo, kowannensu zai samu wani abu. Wannan ne ya sa dokar karayar arziki take kare ƙaramin mai bin bashi kamar yadda take kare wanda ake bi.

Gyaran da ya tsaya a hanya

Majalisar tarayya ta takwas ta amince da ƙudirin da zai maye gurbin dokar 1979, amma bai samu sa hannun Shugaba Buhari ba. A 2020 aka sabunta dokar kamfanoni, aka ba kamfanonin da suka shiga matsala hanyoyin farfaɗowa ba tare da an rushe su ba. Mai shago da manomi da dillali, waɗanda ba su da rajistar kamfani, an bar su da dokar da ta haura shekara arba'in da biyar.

Akwai darasi a wurin wasu. A Ingila, tun 2004 ana sallamar mutum bayan shekara ɗaya. Kenya ta yi sabuwar doka a 2015 wadda ta rage wa'adin zuwa shekara uku, ta kuma buɗe wata hanya ta musamman ga wanda ba shi da dukiyar da za a raba. Gyaran da zai yi wa irin su Bagudo amfani ya kamata ya ƙunshi hanya mai araha ga ƙananan basussuka, wadda za a iya bi ba tare da lauya ba kuma da harshen da mutum ke ji. Ya sabunta darajar kayan da ake bar wa mai bashi ta yadda injin ban-ruwa ko babur ɗin da yake ci da shi ba zai salwanta ba. Ya ba sulhun da ake ƙullawa a gaban sarakunan kasuwa da malamai ƙarfin doka idan an rubuta shi an kai kotu. Ya kuma samar da hanyar aiki da kotunan Benin da Nijar.

Tun da batun na majalisar tarayya ne, 'yan majalisar da ke wakiltar Kebbi a Abuja su ne ya kamata a tambaya inda ƙudirin ya kwana. Gwamnatin jiha ma tana da abin yi ta fuskar tsawatar wa masu tsare mutane a kan bashi, da karkata wani kaso na zakka ga waɗanda asara ta gaskiya ta durƙusar.

Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun ɗan kasuwa shi ne abin da kowane irin zama zai tambaye shi, ko a gaban amintacce ne, ko alƙali, ko sarkin kasuwa: littafin da ya nuna abin da ya shiga da abin da ya fita, takarda da shaidu a kan kowane bashi tare da bayanin ko da naira aka ƙulla ko da sefa, da kuma shaidar cewa da abubuwa suka fara lalacewa ya kira masu bin sa gaba ɗaya ya faɗa musu gaskiya, bai zaɓi na kusa da shi ya biya a ɓoye ba.